Maganin hawan jini ya sanyaya mini yatsu, shin in ajiye shi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 43. Na daɗe ina fama da ciwon ɓarin kai da faɗuwar gaba, da aka auna ni kuma aka ce jinina ya hau, 156 bisa 98, zuciya na bugawa sau 96 a minti. Likita ya rubuta mini propranolol, miligiram 40 safe da yamma, yau kusan wata guda ke nan. Ciwon kan ya ragu, awon ya sauko 138 bisa 86, bugun zuciya 62. Amma hannuwana da ƙafafuna kullum sanyi ƙalau. Idan na taɓa ruwan sanyi sai yatsu biyu ko uku su yi fari fat su sage, daga baya su dawo da zugi. Wata ƙawata ta ce ta karanta cewa irin wannan magani yana toshe abin da ke buɗe jijiyoyin jini, wato matse su yake yi, har yana iya kai wa ga yanke yatsa. To ta yaya maganin da ke matse jijiya zai zama maganin hawan jini? Na yi niyyar ajiye shi daga gobe, sai na ce bari in tambaya tukuna. Ban da shi, nakan sha wata ƙwayar ciwon kai mai ergotamine idan ciwon ya taso, a makon jiya kuma na sha maganin mura.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Gara da kika tambaya tukuna, domin a cikin magunguna ukun da kika lissafa, wanda kike shirin ajiyewa gobe shi ne wanda ajiye shi farat ɗaya ke da haɗari. Ki ci gaba da shan propranolol yadda aka rubuta miki har ki ga likitanki, kuma ki gan shi cikin makon nan. Waɗanda za ki ɗauke hannu daga kansu tun yau su ne ƙwayar ergotamine da maganin murar nan.

Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, rabin labarin dai ta ba ki. Kowace ƙaramar jijiya da ke kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi tana da zoben tsoka a jikin bangonta. Tsokar nan ba irin ta damtse ba ce da mutum ke motsawa da ganin damarsa. Umarni take karɓa daga sinadarai biyu. Na farko noradirinalin, wanda jijiyoyin saƙo ke fesawa kai tsaye a jikin bangon. Na biyu adirinalin, wanda wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda ke zubawa cikin jini idan mutum ya tsorata, ko ransa ya ɓaci, ko yana aikin ƙarfi, ko sukarin jininsa ya faɗi. Sinadaran ba sa shiga cikin ƙwayar halittar tsokar. A waje suke tsayawa, su manne wa wasu ƙananan makarɓa da ke jere a jikinta, makarɓin ne kuma ke isar da saƙon ciki. Ki ɗauke shi kamar kwaɗo da mabuɗi: adirinalin mabuɗi ɗaya ne da ke shiga kwaɗo iri-iri, abin da zai faru kuwa ya danganta da wanda ya buɗe. Propranolol da 'yan uwansa mabuɗi ne da ke shiga ramin ya zauna daram, bai buɗe ba, bai kuma bar mabuɗin gaskiya ya shiga ba.

Tun a 1948 wani masanin magunguna a Amurka, Raymond Ahlquist, ya lura cewa sinadari ɗaya na iya tsuke wata tsoka ya saki wata, ya ce lallai makarɓan iri biyu ne, ya raɗa musu alfa da bita. A 1967 aka sake raba bita gida biyu, bita-1 da bita-2, daga baya shi ma alfa aka raba shi. Uku daga cikin makarɓan ne suka shafi matsalarki. Alfa-1 yana jikin kusan kowace ƙaramar jijiyar jini, ya fi yawa a ta fata da hanji da ƙoda. Idan aka taɓa shi, kalsiyum ya ƙaru a cikin tsokar, zoben ya tsuke. Bita-2 yana jikin jijiyoyin da ke ratsa manyan tsokoki da hanta, yana kuma nan a hanyoyin iska na huhu da mahaifa. Shi idan aka taɓa shi, wani sinadari mai suna cAMP ke ƙaruwa a ciki, tsokar ta saki, jijiyar ta buɗe. Bita-1 kuwa gidansa zuciya, inda yake ƙara mata sauri da ƙarfin bugu, sai kuma ƙoda, inda yake sa ta saki renin, sinadarin da ke fara jerin aikin da ke ƙarewa da tsuke jijiyoyi da riƙe gishiri da ruwa a jiki.

Propranolol, wanda masanin magunguna James Black ya samar a Ingila a shekarun 1960, aikin da ke cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1988, ba ya bambance bita-1 da bita-2. Duka biyun yake toshewa, ya bar alfa yana aikinsa ba mai taka masa birki. Wannan shi ne abin da ƙawarki ta karanta, kuma haka yake. Likitoci ma har amfani suke yi da wannan hali nasa da gangan: masu ciwon hanta da jijiyoyin maƙogwaronsu suka kumbura ana ba su propranolol ko nadolol don jijiyoyin hanji su ɗan tsuke, jinin da ke tururuwa zuwa hanta ya ragu, kumburarrun jijiyoyin kada su fashe.

To me ya sa jininki ya sauka maimakon ya hau? Dalili na farko shi ne, idan mutum yana zaune lafiya lau, bita-2 ba shi da wani babban hannu a faɗin jijiya. Noradirinalin, wanda shi ne ke aiki dare da rana a bangon jijiya, yana kama alfa da bita-1 sosai, amma kamun da yake yi wa bita-2 kaɗan ne. Adirinalin ne ke kama bita-2 da ƙarfi, shi kuma ba ya yawa a jini sai wani abu ya taso. Saboda haka toshe bita-2 a lokacin hutu ɗan tsukewa kawai yake kawowa.

Dalili na biyu lissafi ne. Matsin jini abu biyu ke haɗa shi: yawan jinin da zuciya ke turowa a minti, da turjiyar da ƙananan jijiyoyi ke yi masa. Zuciyar babban mutum da ke hutawa tana turo kusan lita 5 a minti, wato kimanin mililita 70 a kowane bugu, sau 70. Da maganin ya toshe bita-1, bugun ya ragu, kamar yadda naki ya sauko daga 96 zuwa 62, ƙarfin turawar ma ya ragu. A kwanakin farko turjiyar jijiyoyi takan ɗan hau, shi ya sa ba a ganin cikakkiyar saukar jini nan take. Cikin kwanaki zuwa 'yan makonni sai turjiyar ta koma kusa da inda take tun farko, renin ya ragu, zuciya kuma ta ci gaba da tafiya a hankali. Jimillar abin sai matsin ya sauka. Alƙaluman da kika aiko daidai suke da wannan.

Yatsun su ne inda lissafin ba ya yi wa mutum daɗi. Jijiyoyin fatar yatsu kusan duk alfa ne a jikinsu, kuma aikinsu na asali shi ne daidaita zafin jiki: su buɗe idan ana zafi, su rufe idan ana sanyi. Akwai ma wani reshen alfa, alfa-2C, da sanyi ke fito da shi saman ƙwayar halittar tsokar, jijiyar ta ƙara jin umarnin tsukewa. Yanzu ki haɗa da abin da maganin ya yi. Zuciya ta rage turo jini. A jikin manyan jijiyoyin wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya akwai ma'aunan matsi, suna jin an samu sauyi sai su kai rahoto ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ƙara feshin noradirinalin a jijiyoyin gefe don kada matsin ya faɗi da yawa. Alfa ya amsa, bita-2 da zai ɗan sassauta an toshe shi. Fata, wadda jiki ke ɗauka a matsayin wurin da za a iya rage wa jini ba tare da an mutu ba, ita ke ɗaukar nauyin. Kuma tsukewa kaɗan ta isa, domin turjiyar jijiya na hawa ne ninki kan ninki idan ta ƙuntata: faɗinta ya ragu da kashi 10 cikin 100, turjiyar ta ƙaru da kusan rabi; ya ragu da rabi, ta ninka sau 16. A jijiyar yatsa, da ma can siririya ce, wannan ke sa jini ya kusan tsayawa cak.

Abin da kika kwatanta, yatsa ya yi fari ya sage sannan ya dawo da zugi, likitoci na kiransa alamar Raynaud, da sunan likitan Faransa Maurice Raynaud da ya bayyana ta a 1862. Fari na nufin jijiyar ta rufe, shuɗi ko toka-toka na nufin ɗan jinin da ya rage ya ƙarar da iskarsa, ja da zugi kuma jinin ne ya dawo da ƙarfi. A fata mai duhu ba lallai a ga launukan nan a bayan hannu ba, a tafin yatsa da ƙarƙashin farce ake ganinsu. Sanyin hannu kaɗai abu ne da mutane da yawa ke jurewa, wasu ma yakan ragu musu bayan 'yan makonni. Amma yatsa ya riƙa yin fari fat yana sagewa dalili ne isasshe na a sake duba maganin, kada ki bari a ce miki ki yi haƙuri kawai. Batun yanke yatsa kuwa, propranolol shi kaɗai da wuya ƙwarai ya kai mai lafiyayyun jijiyoyi can. Inda ake jin tsoro shi ne idan ya haɗu da wani abin da ke tsuke jijiya, kuma kin ambaci biyu a wasiƙarki.

Ergotamine shi ne ya fi tayar mana da hankali. Yana tsuke jijiyoyin jini kai tsaye, ta hanyar alfa da wasu makarɓan daban, kuma tsukewar tasa tana daɗewa, takan wuce yini guda bayan an sha. Haɗa shi da maganin da ya toshe bita-2 an san yana iya rufe jijiyoyin hannu da ƙafa har nama ya fara mutuwa. Ko babu propranolol ma, ba magani ba ne ga mai hawan jinin da bai gama daidaita ba, ko mai alamar Raynaud. Idan ciwon kan ya taso kafin ki ga likita, paracetamol ya fi miki aminci: giram 1 a lokaci guda, tazarar aƙalla awa 4 zuwa 6, kada ya wuce giram 4 a yini. Ibuprofen da diclofenac suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, su rage wa maganin hawan jini ƙarfi, don haka kada su zama na kullum. Idan likita ya yi tunanin ba ki ɗaya daga cikin magungunan ciwon ɓarin kai da sunansu ke ƙarewa da triptan, ki tuna masa kina kan propranolol kuma yatsunki na yin fari. Su ma suna tsuke jijiya, rizatriptan kuma musamman propranolol na ƙara yawansa a jini, shi ya sa ake ba da miligiram 5 maimakon 10.

Maganin murar kuwa, ki juya kwalin ki karanta abin da ke ciki. Idan kin ga pseudoephedrine ko phenylephrine, to aikinsu ke nan: su taɓa alfa, jijiyoyin cikin hanci su tsuke, hanci ya buɗe. Ƙwayar da aka haɗiya ba ta san hanci kaɗai ba, duk jiki take zagayawa. Ga wanda bita-2 ɗinsa ke toshe, jini na iya hawa sosai, zuciya kuma ta ƙara rage gudu. Ruwan gishirin wanke hanci ba ya da wannan matsala. Taba sigari da duk wani abu mai nikotin suna cikin sahun nan, domin nikotin na sa jiki ya saki adirinalin da noradirinalin. Haka allurar kashe zafi ta likitan haƙori, sau da yawa akwai adirinalin a cikinta, don haka ki faɗa masa maganin da kike sha kafin ya soka. Idan kuma kina da mummunan borin jini irin wanda ke kumbura maƙogwaro, wannan ma lallai likitanki ya sani. Allurar adirinalin ita ce dai maganin farko a irin wannan hali, amma ga mai shan propranolol tana iya ƙin yin cikakken aiki, sai an ƙara da allurar glucagon, wadda ke tayar da zuciya ta wata hanyar da ba ta bi ta bita ba.

Yanzu dalilin da ya sa muka ce kada ki ajiye shi gobe. Idan aka toshe makarɓan bita na tsawon makonni, jiki yakan ƙera ƙari ya jera, don ya kamo ɗan saƙon da ke iya wucewa. Propranolol kuma ba ya daɗewa a jini, rabinsa na fita cikin awa 3 zuwa 6. Ranar da kika daina, cikin yini ɗaya ko biyu maganin ya bar jiki, makarɓan da suka ƙaru suna nan a buɗe, adirinalin ya same su gaba ɗaya. Zuciya ta kama gudu fiye da da, jini ya hau, jiki ya ɗauki rawa da gumi, ciwon kan ya dawo. Ga wanda jijiyoyin zuciyarsa suka fara ƙuntata, ko da bai sani ba, wannan na iya zama ciwon ƙirji ko toshewar jijiyar zuciya. Shi ya sa ake janye shi mataki-mataki cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko a maye gurbinsa kai tsaye da wani ɗan gidansu, kuma likita ne zai tsara matakan. Idan kin manta ba ki sha ba, ki sha da zarar kin tuna, sai fa idan lokacin na gaba ya kusa, to ki tsallake. Kada ki haɗa biyu.

Likitanki bai yi zaɓin banza ba. Ƙwaya ɗaya ya nema da za ta taɓa abu uku, ciwon ɓarin kai da faɗuwar gaba da hawan jini, propranolol kuma yana yin ukun. Da hawan jini ne kaɗai, da wuya a fara da shi. Tun 2006 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta cire magungunan toshe bita daga sahun farko na maganin hawan jini, bayan an ga atenolol bai kai wasu magungunan kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki ba. An kuma san cewa a tsakanin mutane masu asalin Afirka hawan jini sau da yawa yakan zo da ƙarancin renin, don haka maganin da ke aiki ta hanyar rage renin ba ya saukar da shi kamar yadda amlodipine ko magungunan sa fitsari ke yi. Wannan na nufin hanyoyin da ke gabanku suna da yawa.

Hanya mafi kusa ita ce a koma wanda ya fi karkata ga bita-1, ya ɗan ƙyale bita-2: metoprolol, bisoprolol ko atenolol. A cikinsu metoprolol ne ke da ƙwaƙƙwarar shaida wajen hana ciwon ɓarin kai, don haka shi ne za mu fara kawowa a zancen. Sai dai ki san abu biyu. Karkatar nan ba cikakkiya ba ce, kuma tana dusashewa idan aka ƙara yawan maganin: bisoprolol miligiram 2.5 ko 5 ya fi tsayawa kan bita-1 fiye da miligiram 20. Sannan tun da wani ɓangare na sanyin yatsun daga raguwar turowar zuciya yake, waɗannan ma suna iya kawo shi, sai dai galibi da sauƙi. Akwai kuma waɗanda ke toshe bita su kuma buɗe jijiya. Carvedilol da labetalol suna toshe alfa-1 tare da bita, wato sun cire hannun da ke tsukewa. Kuɗin da ake biya a nan jiri ne idan mutum ya miƙe tsaye da sauri, shi ya sa ake shan carvedilol tare da abinci don ya shiga jini a hankali, kuma duka biyun suna toshe bita-2 na huhu. Nebivolol, wanda aka saba ba da miligiram 5 sau ɗaya a yini, ya karkata sosai ga bita-1, yana kuma sa shimfiɗar cikin jijiya ta saki sinadarin naitirik oksaid mai sassauta tsokar bango. Ga yatsu waɗannan sun fi sauƙi, amma shaidarsu kan ciwon ɓarin kai ba ta kai ta propranolol da metoprolol ba.

A ganinmu, ga mace mai yatsu masu yin fari, ya dace a yi tambayar da ta fi wannan girma: shin lallai ne sai da maganin toshe bita? Idan an yi hoton bugun zuciya, an duba jini an tabbatar faɗuwar gaban ba daga ƙarancin jini ko yawan aikin tayirod (gaɓar da ke gaban wuya) take ba, kuma babu ciwon zuciyar da ya wajabta shi, ana iya janye shi gaba ɗaya. Amlodipine miligiram 5 a yini, ko nifedipine mai narkewa a hankali, suna hana kalsiyum shiga tsokar bangon jijiya, su saukar da jini, kuma su ne ma maganin farko na alamar Raynaud. Illarsu kumburin idon sawu, jin zafi a fuska, wani lokaci da ciwon kai a makon farko. Candesartan na saukar da jini yana kuma rage yawan tasowar ciwon ɓarin kai, amma haramun ne ga mai juna biyu ko mai neman haihuwa. Verapamil da diltiazem kuwa, ko da yake dangin amlodipine ne, ba a haɗa su da maganin toshe bita sai da kulawar ƙwararre, domin su biyun suna rage gudun zuciya, haɗuwarsu na iya kusan tsayar da ita.

Akwai abubuwan da idan kina da su, ba batun jira har ƙarshen mako ba ne, ki nemi likitan yau. Na farko asma, ko da ta ƙuruciya ce da kike ganin ta wuce. Bita-2 ɗin da ke buɗe jijiyar jini shi ne ke buɗe hanyar iska, salbutamol da masu asma ke shaƙa kuma ta kansa yake aiki, don haka propranolol na iya rufe ƙirji ya kuma hana maganin shaƙar yin aiki. Har maganin ɗigawa a ido mai timolol, da ake ba masu gilakoma, wato ciwon hawan matsin cikin ido, yana bi ta hanci ya shiga jini ya yi wannan ɓarna. Na biyu ciwon suga da ake yi wa allurar insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide: idan suga ya faɗi, rawar jiki da bugun zuciyar da ke gargaɗin mutum ba za su zo ba, sai gumi kaɗai, hanta kuma za ta yi jinkirin sakin sukari saboda bita-2 ɗinta a toshe yake. Na uku juna biyu, domin a nan labetalol aka fi amfani da shi, ana kuma guje wa atenolol saboda yana rage girman jariri a ciki. Na huɗu ba kasafai ake samunsa ba, amma ciwon kai da faɗuwar gaba da hawan jini idan suka haɗu dole a tuna da shi: wani ƙari ne a gaɓar nan ta saman ƙoda da ke zubo adirinalin da noradirinalin babu ƙaƙƙautawa. Alamarsa ciwon ya riƙa zuwa kwatsam, da gumi sharkaf da ɗashewar fuska da awo mai tashi sama sosai. Mai irin wannan idan aka toshe masa bita ba a fara toshe alfa ba, jininsa na iya hawa matakin halaka. Saukar da jininki ya yi a kan propranolol ta sa muna ganin da wuya wannan ne, amma idan ciwonki haka yake zuwa, ki faɗa, akwai gwajin jini ko na fitsarin awa 24 da ke gano shi.

Kafin ranar ganin likita, ki tara masa alƙaluma. Ki zauna minti 5 bayanki a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a ɗore daidai tsayin zuciya. Ki auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin shan magani da kuma da yamma, ki rubuta har da bugun zuciyar. Awon gida ana son matsakaicinsa ya kasance ƙasa da 135 bisa 85, ke nan idan 138 bisa 86 ɗin nan awon gida ne, naki da ɗan saura. Bugu 55 zuwa 65 a kan wannan magani daidai ne. Idan ya sauka ƙasa da 50, musamman da jiri ko kasala ko ganin duhu-duhu, ki kira likita kafin ki sha na gaba. Ki rubuta sau nawa yatsun ke yin fari, waɗanne ne, hannu ɗaya ko biyu, minti nawa suke ɗauka kafin su dawo, idan da hali ki ɗauki hotonsu da waya a lokacin, domin da wuya su yi a gaban likita. Ki danna farce na daƙiƙa 5 ki saki: a hannu mai ɗumi launin ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2 ko 3. Ki kuma tafi da kwalayen magungunan duka, har na murar.

Ki faɗa masa idan sha-raɓarki na ciwo in kin yi tafiya, ciwon ya lafa in kin tsaya. Wannan alamar ƙuntatar manyan jijiyoyin ƙafa ce, ana gane ta da auna matsin jinin idon sawu a raba shi da na damtse, idan sakamakon ya zama 0.9 ko ƙasa. Binciken da aka tattara ya nuna magungunan toshe bita ba sa rage nisan tafiyar masu matsakaiciyar ƙuntata, amma idan ta yi tsanani har ƙafa na ciwo a kwance, ana taka-tsantsan da su.

A gida, ɗumama jiki gaba ɗaya ya fi ɗumama hannu kaɗai amfani, domin idan ƙirji da baya suka ji sanyi ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin rufe jijiyoyin yatsu. Ki sa safar hannu kafin ki taɓa abu mai sanyi, ki yi wanki da wanke-wanke da ruwa mai ɗumi. Idan yatsa ya yi fari, ki sa hannun a hammata, ko ki wulwula hannuwan daga kafaɗa don jini ya gangara, ko ki tsoma su a ruwan da kika fara gwadawa da gwiwar hannu. Ruwan zafi da kusantar wuta haɗari ne, saboda yatsan da ya sage ba ya jin ƙuna. Yawanci cikin minti 15 zuwa 20 da ɗumamawa launin ke dawowa. Idan yatsa ya wuce awa guda bai dawo ba duk da ɗumi, ko ya yi baƙi, ko ƙurji ya fito a kansa, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta yi sanyi da ciwo mai tsanani farat ɗaya, wannan na sashen gaggawa ne a take. Haka ciwon ƙirji, suma, ko numfashi mai fito.

Idan aka canza maganin, ki ba jiki mako biyu zuwa huɗu kafin ki yanke hukunci kan yatsun. Idan an janye propranolol da ergotamine gaba ɗaya amma suka ci gaba da yin fari, kada a tsaya nan. Alamar Raynaud da ta fara bayan shekara 40, musamman idan ta zo da ciwon gaɓoɓi, ƙuraje a fuska, taurin fatar yatsu ko wahalar haɗiya, tana iya zama farkon wata cutar garkuwar jiki da maganin ya tono kawai. A nan ana buƙatar gwajin jini na ANA, mai neman alamar garkuwar jiki na yaƙar jikin kanta, da duba ƙananan jijiyoyin gindin farce da madubin ƙara girma, sakamakonsu ne zai nuna ko sai an tura ki wurin likitan gaɓoɓi.